Haɗari a kan hanya: hoton da ke tsaya wa mai rauni shaida

Kaka ta yi. Amalanke na fitowa daga gonaki ɗauke da dammunan gero da buhunan wake, suna hawa kwalta tare da manyan motoci. Duk wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, ya san yadda take kasancewa da almuru ranar kasuwa. Amalanke ba ta da fitila. Mai mota kuwa yana sauri ya isa gida. Nan take sai a ji karo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya. Waɗanda suka ji rauni suka rayu sun ninka haka sau da yawa, kuma a kansu za mu yi magana yau. Manomin da ya karye a ƙafa lokacin girbi ya yi asara biyu: ga kuɗin magani, ga amfanin gona da ya bari a fili. Sau da yawa mun ga irin wannan mutum ya sayar da akuya, ya sayar da hatsin da iyali za su ci, alhali akwai kuɗin da doka ta tanadar masa. Abin da ya rasa shi ne shaida.

Abin da doka ta ce

Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka da ake kira CIMA, wadda aka kafa a Yawunde, babban birnin Kamaru, a 1992. Dokarta ta inshora, wato asirans, ta fara aiki a 1995. Dokar ta tilasta wa kowane mai mota da mai moto ya yanki asirans. Amfaninsa shi ne: in motar ta ji wa wani rauni, kamfanin asirans ne zai biya shi.

Akwai wani wuri a cikin dokar da mutane da yawa ba su sani ba. Mai tafiya a ƙasa, mai keke, mai amalanke da fasinjan da ke cikin mota, in suka ji rauni a jiki, ana biyansu ko da sun yi kuskure a kan hanya, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Direban mota da mai tuƙa moto ne ake duba laifinsu kafin a biya su. Haka ma in ana maganar dukiya, kamar amalanken da ta karye ko san da ya mutu, ana duba wanda ya yi laifi.

To, amma kamfani ba ya biya da maganar baki. Sai ya san wace mota ce, sai ya ga takardar binciken jandarma ko ƴan sanda, sai ya ga takardar likita. Yau kuwa da wuya a taru mutum goma a bakin hanya ba a sami mai salula mai ɗaukar hoto ba. Wannan salular tana iya riƙe abin da ido zai manta.

Rai ne farko

Kada kowa ya fiddo salula don hoto alhali mutum na zubar da jini. A danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai a kan ciwo. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi da gaggawa, sai in wurin da yake kwance akwai wani haɗarin, kamar wuta ko motoci masu zuwa. A kira 18 don ƴan kwana-kwana, ko 17 don ƴan sanda. A ƙauye, a aika wa jandarma mafi kusa. Sa'an nan a ba mutum ɗaya mai natsuwa aikin hoto, sauran su kula da mai rauni.

Hoton da ya fi kowane

Mun lura cewa jama'a sun fi son ɗaukar jini da ƙarfen da ya lanƙwashe. Wannan ba shi ne na farko ba. Hoton farko shi ne lambar mota. A matsa kusa, a ɗauka gaba da baya, a duba a tabbata ana iya karanta kowane harafi da kowace lamba. In babbar mota ce mai jan tirela, a ɗauki lambar kai da ta tirela, domin sukan bambanta. Sa'an nan a ja da baya a ɗauki motar gaba ɗaya, launinta ya fito, da duk rubutun da ke jikinta. Direba yana iya tsorata ya gudu. In lambar na hannu, jandarma suna da hanyar gano mai motar. In babu lamba, "wata farar mota" ba ta kai kowa ko'ina.

Hoto na biyu shi ne takardar asirans. Akwai ƴar ƙarama da ake liƙawa a gilashin gaba, akwai babba da direba ke riƙewa. A jikinsu ake ganin sunan kamfani, lambar takarda, da ranar da asirans ɗin zai ƙare. A roƙi direba da ladabi ya nuna, kada a yi masa barazana. Shi ma yana cikin tashin hankali, kuma takardar nan tana kare aljihunsa ne.

Bayan haka sai wurin da abin ya faru, kafin a janye komai. A tsaya nesa a ɗauka daga gabas da yamma, yadda za a ga inda mota ta tsaya da inda amalanke ta faɗi. A sa wani abu da ba ya gusawa ya fito cikin hoton: dutsen kilomita, allon sunan gari, gada ko wata babbar itaciya. A ɗauki sawun taya inda aka taka birki, da fasasshen gilashi, da hatsin da ya zube. Iska da ƙafafun mutane suna shafe waɗannan cikin ɗan lokaci. Mai moto da mai neman kuɗin sa ko amalanke, su ne suka fi buƙatar wannan hoto, tunda a wurinsu ake tambayar wa ya shiga hannun wa. In jandarma sun iso, a ba su wuri su yi awonsu. Hotonmu taimako ne ga takardarsu, ba ya maye gurbinta. Kada kuma a manta da rubuta sunan mutum biyu da suka gani da idonsu, da lambar salularsu.

Rauni da takardun likita

Ciwo yana sake kama kowace rana. Ranar farko wani wurin ba ya nuna komai, sai kwana biyu ya kumbura. Bayan wata uku kuma ya warke, wanda bai gani ba ya ce ai ba wani abu ba ne. Saboda haka a ɗauki hoton rauni ranar farko, a sake bayan kwana biyu ko uku, a sake in an ɗinke ko an sa filasta, har zuwa tabon da ya rage. A ɗauka da rana, a inuwa mai haske. A ajiye kwabon dala ashirin kusa da ciwon, ba a kansa ba, don a gane girmansa. In hannu ko ƙafa ce ta kumbura, a jera ta da ƴar'uwarta mai lafiya. A yi hoto ɗaya da fuskar mai raunin ta fito, don kada a ce ƙafar wani ce.

A nemi izinin mai ciwo tukuna. In mace ce, ƴar'uwarta mace ta ɗauka. Gawa kuwa ba a ɗaukarta, a lulluɓe ta. Muna ganin hotunan haɗari suna yawo a WhatsApp, har uwa ta ga ɗanta kafin a zo a gaya mata. Wannan mummunar ɗabi'a ce, kuma ba ta ƙara wa kowa ko dala a wurin kamfani.

Ga wata magana da ta shafe mu mu mutanen karkara. In an karye, da yawanmu wajen maɗori muke nufa. Ba mu raina aikinsa ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, kuma ba ya ganin jinin da ke zuba a cikin ciki ko cikin kai. A fara zuwa gidan likita a ranar da abin ya faru, ko da mutum yana jin da sauƙi. A gaya wa likita cewa haɗarin mota ne, a nemi sartifika na farko, wato takardar da ke faɗin raunukan da ya gani da kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. A tambaye shi maganar allurar tetanos. Kwanakin nan da ya rubuta suna cikin abin da ake dubawa wajen lissafin asarar aiki. Manomin da ba shi da takardar albashi ma ana yi masa lissafi bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa.

Kowace takarda a ɗauki hotonta tun tana sabuwa: sartifika, takardar magani, hoton ƙashi, da kowane resi na farmasi, ko na dala ɗari ne. Tawadar wasu resi tana gogewa da zafi. Takardun ainihi kuma a sa su cikin leda, a ɓoye a akwati inda gara da ruwa ba su kai ba.

Kafin a je kamfani

Salula tana ɓacewa, tana faɗawa rijiya, yara suna goge abin da ke ciki. Tun a daren farko a tura hotunan zuwa salular wani amintacce. Kada a gyara hoto, kada a yi rubutu a kansa. Wanda ya sami hali ya kai wa mai wankin hoto a gari ya fiddo masu muhimmanci a takarda, ya rubuta kwanan wata a bayansu.

Wani lokaci mai mota zai miƙa jika biyar ko goma a bakin hanya, dattawa su ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Haƙuri abu ne mai kyau, kuma ana iya yafe wa direba har zuciya. Amma kuɗin asirans daga kamfani yake fitowa, don wannan rana aka biya shi. Kada mai rauni ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da bai karanta ba. In da faransanci aka rubuta ta, ya nemi malamin yaƙi da jahilci ko wani ɗansa ɗan makaranta ya fassara masa layi bayan layi.

Doka ta ba jandarma da ƴan sanda wata uku su aika wa kamfanin asirans takardar bincikensu. Ta kuma ba mai rauni shekara biyar daga ranar haɗari ya nemi hakkinsa, bayan nan ƙofa ta rufe. Kada a jira ko kusa da haka. Da zarar mai ciwo ya sami sauƙi, shi ko wakilinsa ya koma wurin jandarman da suka yi awo ya karɓi lambar takardar. Daga nan ya nufi ofishin kamfanin da sunansa ya fito a hoto, da katin ɗan ƙasa, da takardun likita, da hotuna. Duk abin da ya miƙa, ya riƙe kwafinsa, ya kuma nemi a buga masa hatimi da kwanan watan da aka karɓa.