Janareta a Zaure: Gudun Ɓarawo, Kwana da Ajali

A watan Mayun 2024 aka wayi gari da labarin matasa bakwai da aka tarar da gawarwakinsu a wani ɗakin ɗaukar waƙa da ke unguwar Amarata a Yenagoa, babban birnin Jihar Bayelsa. Sun raba dare suna aiki, barci ya sace su, janareta kuwa na ta ruri kusa da su. Jaridu da gidajen rediyo duk bakinsu ya zo ɗaya, cewa hayaƙin janareta ne ya kashe su. Aka yi salati, aka ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya koma harkarsa.

Wata biyar bayan haka, a Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir. Duk mai tsohon inji a ɗaki ya kakkaɓe masa ƙura. Tun daga lokacin nake kasa kunne ga yadda muke hirar haɗarin janareta a teburin mai shayi a nan Jigawa, daga Sara zuwa Gwaram har Birnin Kudu, kuma na lura kalma ɗaya ce ke yaudararmu: hayaƙi.

Bahaushe ya san hayaƙi tun yana goye a bayan uwarsa a bakin murhu. Yana da launi, yana da ƙauri, yana kuma sa hawaye da tari. Shi ya sa magidanci zai dubi injinsa, ya ga sabo ne, salansa ba ta fitar da baƙin komai, sai ya ce ai nasa lafiyayye ne. Alhali abin da ke kisa wata iska ce da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ke fitowa duk inda fetur ko gawayi ko itace ya ƙone bai samu wadatacciyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta shaƙe maƙogwaro. Sabon inji na fitar da ita, tsoho ma na fitarwa. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta sha yin gargaɗin cewa ƙaramin janareta guda na iya fitar da wannan iska daidai da ta ɗaruruwan motocin zamani.

Aikinta a jiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin jini akwai sinadarin himoglobin mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Kabon monoksaid ta fi oksijin iya maƙale wa wannan sinadari sau fiye da 200, sai ta kama gurbin ta zauna. Mutum na numfashi, jikinsa na mutuwa da yunwar iska. Likitan Faransa Claude Bernard ya bayyana haka tun a 1857. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki. Wanda ke barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke zarcewa.

A nan wata musibar ke shigowa. Waɗannan alamomi su ne na zazzaɓin cizon sauro da taifod, don haka sai a sayo magani a kemis a koma ɗakin da ya jawo ciwon. In kuwa an tarar da iyali sun mutu a dare ɗaya, zancen farko shi ne guba a tuwo, ko sammu, ko iskokai. Allah kaɗai ya san matan da aka bi da kallon zargi har ƙarshen rayuwarsu don su suka yi girkin daren, alhali mai laifin na ɗaure da sarƙa a zaure, tankinsa ya ƙafe ya mutu kafin asuba. Alamar da ke raba gardama a fili take: in mutanen ɗaki suka kwanta ciwo lokaci guda, har kyanwa da kaji suka yi laushi, kuma duk wanda ya fita waje ya ji sauƙi, to a dubi inji ko kasko.

Me ke shigo da inji cikin gida? Tsoron ɓarawo. A Sara, garin da kasuwarsa ke tara fatake daga nesa, janareta jari ne. Da shi mai cajin waya ke ci, da mai aski, da mai walda, da mai gidan kallon ƙwallo, da matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo daga cikin gida. Wanda ya sha wuya kafin ya mallake shi ba zai bar shi a ƙofar gida ya rufe ido ba. Sai a jawo shi zaure, ko kicin, ko lungun bayan ɗaki, a ɗaure da sarƙa, a rufe ƙofa don rage ƙara. Ƙaramin injin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, wanda a Kudu suke masa laƙabi mai ma'anar "na fi maƙwabcina", shi ya fi saurin shiga ɗaki saboda hannu ɗaya ke ɗaukarsa. A 2015 Hukumar Kwastam ta sanar da hana shigo da shi da yawa don kasuwanci, amma duk wanda ya zaga kasuwanninmu ya san inda maganar ta kwana. Mai shigar da inji ɗaki don gudun ɓarawo kuwa, ya gudu daga gara ne ya faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun taɓa riƙe shi, muka sake shi. Duk wanda ya tashi a hannun kaka ya san dokar kasko a lokacin hunturu. Ba a shigar da gawayi ɗaki sai ya gama ruruwa a tsakar gida ya zama jan garwashi. In an shigar, ba a toshe ƙofa, asabari kawai ake saki. Kafin a kwanta kuma sai an fitar da shi ko an kashe. In yaro ya ce kansa na sarawa, tsohuwa za ta ce gawayi ne ya buge shi, ta fitar da shi ya sha iska. Ba ta taɓa jin sunan himoglobin ba, amma ta ga waɗanda kasko ya kwantar, ta kuma ji labarin waɗanda ba su tashi ba. Malamanmu ma sun sha karantar da mu cewa kashe wuta kafin barci koyarwa ce ta addini. Janareta wuta ce da aka sa wa riga ta ƙarfe, sai muka manta dokar wuta ta hau kansa.

Masu haƙar rijiya su ma suna da tasu dabarar. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya sai a zura fitila da igiya; in ta mutu, an san iskar ƙasan ba ta ɗaukar rai. A Ingila, a shekarun 1890, John Scott Haldane ya ba masu haƙar kwal shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi, daga baya aka zaɓi kanari, domin tsuntsu kan riga mutum faɗuwa in guba ta taru. Ba su daina ba sai a 1986, da na'ura ta karɓi aikin. Sai dai a kula: dabarar fitila ƙarancin oksijin take nunawa. Fitila na iya ci tangaran a ɗakin da kabon monoksaid ta kai munzalin kisa. Kuma manomin rani da ke zura injin ban ruwa cikin rijiya sannan ya bi shi don gyara, ya sani ramin ya zama kwalba mai murfi.

Sai kuma gidan kansa. Gidan Bahaushe na da, daga zaure sai shigifa, sai tsakar gida shimfiɗe ƙarƙashin sama, murhu can a gefe, ɗakuna nesa da juna. Ɗakin jinka hayaƙi na ratsa shi ya fita. Ko soron da ba shi da taga mai girma, ƙofarsa ba ta rufewa kamar gwangwani. Yau fa? Gida ɗaya an raba shi gado kashi huɗu ko biyar, tsakar gidan ta koma lungu. Wanda ya samu hali ya yi bulo da siminti, ya sa silin, ya sa tagogin gilas, ya rufe tsakar gidan da kwano gudun ruwa da rana da masu haurowa. Mun gina gidajen da ba sa numfashi, sannan muka shigar musu da injin da ke cinye ɗan numfashin da ya rage. Magininmu ya san inda za a sa tankin ruwa da inda za a kafa tauraron ɗan'adam, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi maigida inda inji zai zauna ba, a ƙasar da tun kafa NEPA a 1972 ba a taɓa samun wutar da ta ishi kowa ba.

Da can akwai mai yin irin wannan tambaya. Dattawa na tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya ga kwata, kuma maigida na shakkarsa. Har yanzu ƙananan hukumomi na da jami'an tsabtar muhalli. Me zai hana a Gwaram da Birnin Kudu a ƙara musu layi ɗaya a aikinsu, su riƙa tambayar inda janareta ke kwana, musamman a gidajen kallo, makarantun kwana, shaguna da masallatai? Wannan ba ya buƙatar kwangila. Wataƙila shi ya sa ba wanda ya damu da shi.

Ƙa'idojin kansu kaɗan ne. Inji a waje yake zama, a fili. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, inda wannan iska ke kashe fiye da mutum 400 a shekara duk da arzikinsu, ta ce a nisanta shi ƙafa 20 daga ƙofa da taga, wato kimanin mita 6, salansa na kallon nesa da ɗaki, naka da na maƙwabci. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wanke zaure daga zama tarko. Maganin ɓarawo keji ne na ƙarfe, a dasa shi da kankare, a yi masa rumfa saboda ruwan sama, a bar gefunansa a buɗe. Masu walda a Sara za su ƙera shi cikin yini guda. A kashe inji kafin a kwanta. Mai hali ya sayi ƙararrawar da ke kuka in ta shaƙi wannan iska, ya rataye a ɗakin kwana. Da batir take aiki.

Fetur kuma ba a zuba shi cikin inji yana aiki ko yana da zafi, ba a haska tanki da ashana ko aci-balbal, ba a ajiye jarkar da aka sayo wurin 'yan bumburutu a ƙarƙashin gado ko kusa da murhu. Mu 'yan Jigawa bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan fetur ba bayan abin da ya faru a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a Oktoban 2024, inda gobarar tankar mai ta ci rayuka fiye da 150. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane ɗigo ya zama abin tattali, har mutane na kwana da shi a ɗaki. Haka nan wanda ke jona inji kai tsaye a soket ɗin gida ba tare da akwatin canja layi ba, wutarsa na iya komawa kan falwaya ta kama ma'aikacin kamfanin wuta na KEDCO da ya hau gyara yana ganin layi a mace yake. Wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne, ba na yaron gida mai ƙarambani ba.

In abin ya auku, a buɗe ƙofofi, a kashe inji, a fitar da mutane fili, mai ceto kuma kada ya daɗe a ciki. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, shaƙe shi za a yi. A garzaya asibitin da ke da oksijin, a faɗa wa likita cewa an kwana da inji, don kada ya bi hanyar zazzaɓi. A iskar Allah, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta bar jini. Da oksijin zalla, awa ɗaya da 'yan mintoci ne. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, balle mai juna biyu, domin ɗan cikin ya fi uwar shan wahala, kuma illar ƙwaƙwalwa kan bayyana bayan kwanaki.

Na gaji da jin "kwana ne ya ƙare" daga bakin wanda ya ja inji da hannunsa ya kai ƙofar ɗakin 'ya'yansa. Kwana na hannun Allah, amma inda inji zai kwana na hannun maigida. Ina kira ga limamanmu su ba wannan minti biyar a huɗuba, sau ɗaya gabanin zafin bazara, sau ɗaya gabanin hunturu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautar Dutse su sa sankira ya zaga da shi ranar kasuwa. Masu sayar da inji da makanikai su riƙa faɗa wa mai saye kafin ya ɗora a babur. 'Yan jarida kuma mu daina rubuta "hayaƙi" mu yi shiru, don muna koya wa jama'a tsoron abin da ido ke gani ne kawai.

Kai kuma maigida, yau da daddare kafin ka ja igiyar, tsaya ka dubi inda salansa ta juya baki, ka ƙirga takunka daga nan zuwa tagar da uwargida da yara ke kwance. In bai kai taku takwas ba, ɗauke shi.