Makarantar Lahadi: Wa Muka Bar wa Yaranmu?

Yau za mu yi magana a kan aikin yara a cikin ikkilisiya, da mutanen da suke yin wannan aiki ba tare da albashi ba. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku buɗe Littafin Mahukunta sura 2, ku sa yatsa a aya 10, za mu komo wurin.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ran Lahadi da safe an yi waƙar farko, an yi addu'ar buɗewa, sai mai jagorar sujada ya ce yara su fita. Sai ka ji kamar an buɗe garken awaki. Su ruga su taru gindin mangwaro, manya kuwa su gyara zama su ce, yauwa, yanzu za mu ji wa'azi da kyau. To, wa ya bi yaran? A wani ƙauye da muka yi aikin bishara, wata yarinya ce 'yar shekara 16, ita kanta ba a yi mata baftisma ba tukuna. Tsumagiya a hannunta, yara sun kusa 80 a gabanta, daga mai shekara 3 zuwa mai 13, waɗansu da ƙannensu goye a baya. Laifin ba nata ba ne. Mu ne muke kan bagadi a lokacin, muna wa'azi da zufa a kan kai bishara ƙasashe masu nisa. Da aka tashi muka ƙirga, manyan da ke ciki ba su kai yaran da ke waje yawa ba.

Yanzu ku duba Mahukunta. Muddin Joshuwa yana da rai, da dattawan da suka ga abin da Allah ya yi, jama'a sun tsaya ga Ubangiji. Mutanen nan sun haye Kogin Urdun a kan busasshiyar ƙasa, sun ga garun Yariko ya rushe. Amma da suka mutu, 'ya'yan da suka taso a bayansu ba su san Ubangiji ba, ba su ma san labarin ba. Ba a yi tsara goma ba, tsara ɗaya tak aka yi. Gargaɗin kuwa yana hannunsu tun daga Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 6, inda aka ce su riƙa koya wa 'ya'yansu a gida da a hanya, dare da safe. Iyayen sun ci yaƙi sun raba ƙasa, yaran kuma aka bar su.

Mu ma muna da namu Urdun. A 1904 Karl Kumm da abokansa suka kafa zango a Wase. A 1923 aka fara aiki a Garkida. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Ku tambayi tsofaffin garinku su wane ne suka fara karɓar bishara. Sau da yawa yara ne da samari, waɗanda suka zauna a ƙasa gaban mai bishara suna koyon a, ba, ca don su iya karanta Maganar Allah. Su ne suka zama dattawa da fastoci da suka gina majami'un da muke zama a ciki. Makarantar Lahadi kanta haka ta fara. A 1780, a garin Gloucester na Ingila, wani mai gidan jarida, Robert Raikes, ya ga yaran matalauta suna aikin ƙarfi kwana 6, ran Lahadi kuma suna yawo a titi. Ya nemi waɗansu mata su tara su a gidajensu, su koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki. Har yana biyan matan ɗan abin hasafi, dattawa ku riƙe wannan, za mu zo kansa.

Ta yaya ake zaɓen malami? A wurare da yawa, sanarwa ake yi: wanda yake so ya taimaki yara ya ɗaga hannu. In ba wanda ya ɗaga, sai a nuna wanda ya gama sakandare yana zaune a gida. Amma Yakubu 3:1 ya ja kunnen masu koyarwa cewa shari'arsu ta fi tsanani, bai kuwa ware masu koyar da yara ba. Ba za mu ba mutum ajiyar kuɗin ikkilisiya don kawai ya ɗaga hannu ba. Sai mun san gidansa da halinsa. Yaya za mu ba shi 'ya'yanmu da sauƙi fiye da haka? Dattawa su zauna su yi addu'a, su kawo sunaye, sa'an nan su je gidan mutum su roƙe shi. Mutumin da Baba Fasto ya taka har ƙofarsa ya kan ɗauki aikin da nauyi dabam. Sabon malami kuma ya fara zama mataimaki na 'yan watanni, yana kallo, ana kallonsa.

Kada a raina tsofaffi. Akwai Mama a Zumuntar Mata wadda ba ta iya karatu ba, amma in ta fara ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko kuda ba ya motsi. A haɗa ta da ɗalibin da ya iya karatu, shi ya karanta, ita ta bayyana. Maza kuma, ina kuke? Yaro mai shekara 11 in ya duba ya ga babu namiji ko ɗaya a wurin, sai ya yanke a ransa cewa wannan abin mata ne da jarirai. Lahadi mai zuwa yana bayan awaki ko yana filin ƙwallo.

Game da tsari, surukin Musa ya riga ya ba mu shawara. A Fitowa sura 18 Yetro ya tarar da Musa shi kaɗai yana sauraron jama'a tun safe har yamma. Ya faɗa masa a fili cewa zai gaji, jama'a ma za su gaji, ya sa shi ya naɗa amintattun mutane a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Har goma ya sauko. Malami ɗaya ba zai iya sanin yara 80 ba, amma zai san 10 ko 15. A raba su aƙalla kashi uku: waɗanda ba su kai shekara 6 ba, sai 6 zuwa 9, sai 10 zuwa sama. In babu ɗaki, akwai itatuwa. Kowane malami ya riƙe ɗan littafi da sunayen yaransa da sunan gidan da suka fito. Yaro ya yi Lahadi biyu bai zo ba, a je a duba. Wata rana zazzaɓi ne, wata rana ba shi da riga, wata rana kuwa an aika da shi birni aikatau ba wanda ya sani.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Malaman yara su ne mutanen da suka fi kowa yunwar Magana a ikkilisiya. Mun san wata 'yar'uwa da ta yi shekaru ba ta ji wa'azin safe ba, Jibin Ubangiji ma sau da yawa ya kan wuce ta, domin kullum tana waje. Da ta ce ta gaji, aka ce ta ja da baya. Rijiyar da ake ɗiba ba ruwa yana shiga, ai ƙafewa za ta yi. Maganin ba wuya: a yi juyi, waɗansu su koyar wannan mako, waɗansu su shiga sujada, ko kuwa a yi ajin yara da sassafe kafin sujadar manya. Ran Asabar da yamma malamai su zauna da fasto ko mai bishara na awa ɗaya, su karanta darasin gobe tare, su fitar da gaskiya guda ɗaya da aya guda ɗaya. Yaro ba ya ɗaukar kaya uku a rana ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, wato harshe. Muna yi muku wannan jawabi da Hausa domin ita ce ta haɗa mu, Berom da Tarok, Ngas da Bajju, Tangale da Bura da Bachama. Mun gode wa Allah dominta. Amma yaro mai shekara 4 a ƙauye, da wane harshe yake kuka? Da wane harshe yake kiran uwarsa? Mun taɓa zama a bikin ranar yara, yara suka jera suka haddace ayoyi da Turanci ba tuntuɓe, iyaye suna tafi suna liƙa musu kuɗi. Bayan an tashi muka kira wani yaro, muka tambaye shi da yaren garin, me ayar nan take nufi? Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Muka faɗa masa ma'anar da yarensa, sai ya ɗago ya ce, ashe! A Nehemiya sura 8, da aka karanta Shari'a a gaban jama'a, Lawiyawa sun bi suna bayyanawa har mutane suka gane. Ran Fentikos kuma, a Ayyukan Manzanni sura 2, abin da ya ba taron mamaki shi ne kowa ya ji da harshen garinsu.

Saboda haka, inda yaran duk yare ɗaya suke ji, a koya wa ƙananan da yarensu. Manyan su haddace ayar da Hausa ko Turanci in ana so, amma kowa ya iya faɗin ma'anarta da harshen gida. 'Yan'uwanmu masu aikin fassara, irin na Nigeria Bible Translation Trust a Jos, sun yi shekaru suna wahala har Sabon Alkawari ya fito a harsunanmu da dama, waɗansu ma ana iya sauraronsu a waya. A gidaje da yawa littafin yana ƙasan akwati tun ranar da aka keɓe shi. Ku fito da shi ku ba malamin yara. A birni kamar Jos ko Kafanchan ko Gombe, inda aji ɗaya yake da yare biyar, dole a yi da Hausa ko Turanci, sai iyaye su cika sauran a gida. In ba haka ba, za mu wayi gari jika ba ya iya yin addu'a tare da kakarsa.

Sai abin da muke jin kunyar faɗa, amma dole. Ba kowane mai son zama kusa da yara ne yake da kyakkyawar niyya ba. Ubangiji Yesu bai yi magana mai laushi a kan wannan ba. A Matiyu 18:6 ya yi zancen dutsen niƙa da zurfin teku domin mai sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Eli kuwa ya ji abin da 'ya'yansa suke yi da mata a ƙofar alfarwa, ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a kan aiki, hukunci ya faɗo a kan gidansa duka. Don haka kowane aji ya kasance da manya biyu. Kada malami ya keɓe da yaro a ɗaki. Kada a aiki yarinya ɗebo ruwa ko shara a ɗakin malami saurayi, wannan yana tsare yarinyar, yana kuma tsare sunan malamin kirki. In yaro ya kawo ƙara, a saurare shi, a dakatar da mutumin daga aikin yara nan take, a faɗa wa iyaye. In abin laifi ne, a kai wa hukuma. Ƙasarmu ta yi Dokar Haƙƙin Yara tun 2003. A rufe magana wai don sunan ikkilisiya, zunubin Eli ne sak. Tsumagiya ma a ajiye ta. Akwai yara a cikinmu da suka gudo daga garuruwan da aka ƙone, ƙara kaɗan ta kan firgita su. Yarinyar da ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa a 2 Sarakuna sura 5, ita ma kamo ta aka yi daga garinsu.

Dattawa, mun ce za mu komo kan kuɗi. Yara suna kawo baiko kowace Lahadi. Ina yake zuwa? Ya shiga babban asusu, a sayi siminti da lasifika, yara suna nan a kan duwatsu. A rubuta aikin yara a cikin kasafin shekara: benci, allo, alli, littafin darasi, da kuɗin mota in za a je horon malamai a gunduma. Malaman ba albashi suke nema ba. Amma Galatiyawa 6:6 ta ce mai koyo ya tuna da mai koya masa. Lokacin kaka, mudun acca ko masara daga gidan kowane yaro ba zai talauta kowa ba. A kira su gaba sau ɗaya a shekara, a yi musu addu'a da sunayensu.

Iyaye kuma, mako yana da awa 168, malami yana da ɗaya. Timoti ya sami bangaskiya daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. In an zauna cin tuwon dare ran Lahadi, ku tambayi yaro labarin da ya ji, ya faɗa muku da yarenku. In ya yi kuskure kada ku yi dariya, ku gyara a hankali. Ku san sunan malaminsa, ku gaishe shi a kasuwa.

Ga aikin wannan mako. Lahadi mai zuwa, in an ce yara su fita, dattijo ɗaya da uba ɗaya su tashi su bi su. Kada ku yi wa'azi, ku sami dutse ku zauna a baya har a gama, ku ƙirga yaran, ku ƙirga malaman, ku kai wa majalisar dattawa abin da kuka gani. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu, za mu duba 1 Sama'ila sura 3, yadda ake taimakon yaro ya gane muryar Allah. Ku karanta ta tare da yaranku kafin mu sadu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.