Agogon Kwamfuta a Ƙonni: Lokaci Ya Yi da Za a Koma Ga Taurari

Daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta zuwa Maris ɗin 2024 da aka maido ta, kowa a Birnin Ƙonni ya san asarar da masu ƙanƙara da masu walda suka tafka. Ɓarnar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta agogon kwamfuta, kuma a ganina ma'aikatun da aikinsu ya rataya kan kwanan wata sun makara wajen karɓar lokaci kai tsaye daga taurarin ɗan'adam.

Tushen matsalar ɗan ƙaramin batiri ne mai kama da maɓallin riga, CR2032, wanda ke riƙe agogon kwamfutar tebur idan babu wuta. Muddin na'urar tana jone da wuta, hutawa yake yi. Da zarar an ɗauke, shi ake zuƙa dare da rana. Kwamfutocinmu kuwa galibi gwanjo ne, sun iso da batirin da ya riga ya gaji, ga zafin bazara yana ƙara cinye shi. Ranar da ya mutu, sai kwamfuta ta farka a wata shekara can baya. Shafin banki ya ƙi buɗewa, domin takardar shaidarsa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar kuma ta ɗauka ba a kai ranar ba tukuna. Rasidi ya fito da kwanan ƙarya. A garin iyaka, inda kaya ke shigowa daga Illelar Najeriya kuɗi kuma ke yawo ta wayar salula, rasidin da kwanansa ya saɓa wa na abokin ciniki rigima ce a kwance.

An saba cewa intanet zai saita agogon da kansa. Haka ne, idan akwai shi. A wurinmu wuta da intanet sukan tafi tare, kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ga yadda wannan hanya take da rauni.

Taurarin GPS suna shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kowanne ɗauke da agogon atom. Na'urar karɓa sauraro kawai take yi, ba kati ba kuɗin wata. Tana aiko wa kwamfuta rubutun lokaci, wanda kan ɗan makara, na'ura mai kyau kuma tana ƙara bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa, abin da ake kira PPS, wanda ke rage kuskure zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kwamfuta guda ta isa ta raba wa duk na ofis lokacin. Turakan sadarwa da dama da lokacin GPS suke saita kansu tun tuni.

Masu ja suna cewa a canja batiri a huta, sannan GPS mallakar sojan Amurka ce. Suna kuma tuna Oktoban 2021, lokacin da kuskure a manhajar gpsd ya so mayar da agoguna Maris ɗin 2002. Ga mai shagon buga takarda, batiri ya wadatar, ban musa ba. Amma batiri ba ya hana agogo zamewa a hankali, kuskuren manhajar an gyara shi, kuma na'urorin yanzu suna jin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin a lokaci guda.

Abin da zai fi ba mu wahala shi ne rufin kwano, domin yana tare saƙon. Dole a fitar da eriya waje inda take ganin sararin sama, a ja waya zuwa ciki, a haɗa da ɗan faifan sola. Rana dai ba ta yi mana ƙaranci ba, tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki da ita tun 2018. Asibitoci da ofisoshin kwastan da wuraren aika kuɗi su ya kamata su fara.