CC 2200, Kan Jirgin Da Ya Ja Dukiyarmu Zuwa Kudu

Kafin layin dogo ya iso Ngawundare a 1974, da ƙafa muke kora shanu zuwa kudancin Kamaru. Makonni a hanya, ga tsando, ga ramewa. Bijimin da ya bar Adamawa da tozo sai ya isa kara ƙashi da fata, mahauta su saye shi yadda suka ga dama.

Jirgi ya rage wannan asara, amma tarago ba ya tafiya sai da mai ja. A shekarun 1980 hukumar Regifercam ta dogara da kawunan jirgi masu lamba CC 2200, ƙirar birnin Montreal na Kanada, samfurin MX620. Kowane yana shan man dizal, da ƙarfin doki 2,000 da gatari shida, shi ya sa yake riƙe dogo a hawa ko da kaya sun yi nauyi. Su suka riƙa jan shanun Adamawa da na Cadi kilomita 622 zuwa Yawunde, daga nan Duwala.

Da tsufa ya kama su, kayan gyara suka yi wuya, mu muka fara ji a jika. Inji ya tsaya a daji, dabba na tsaye cikin tarago ba ruwa, wadda ta faɗi kuwa 'yan'uwanta su tattake ta. A haka Camrail ta gaje su a 1999.

Don haka 'yan'uwa fatake, in ana zancen lafiyar kan jirgi, zancen jarinmu ake yi. A shayar da dabba kafin lodi, kada a cunkusa. Allah Ya tsare dukiya.