Ɗan Littafi Mai Falle Takwas

 Yau a wannan shiri ga wani ɗan littafi a gabana, falle takwas ne kacal, wato shafi goma sha shida, an ɗaure shi da waya biyu a tsakiya, tsatsa har ta ci gefen wayar. A cikin gafakar wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, na tsince shi, kuma waƙar wa'azi ce da ajami, wadda mai ita ya buga da kuɗinsa, ba tare da ya jira wani kamfani ya ce masa ta isa bugawa ba.

Tarihin manyan maɗaba'u kowa ya sha jinsa, saboda haka ba zan tsaya a kansa ba. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, NORLA ta yi zamaninta ta wuce, NNPC ta zo a 1966, suka fitar da littattafai masu daraja. Amma a gefen wannan babbar hanya akwai wata 'yar turba da malamai da sha'irai suka bi shekara da shekaru, wadda ita ce ta kai waƙa zaure da ƙofar masallaci, ita kuwa nake so mu bi yau.

Idan malami ya kammala ƙasidarsa, ya rera ta a gaban almajirai har ya tabbata ba baitin da ya karye, ba ƙafiyar da ta goce, sai ya nemi mai kyakkyawan hannu, ya ba shi ladansa, shi kuwa ya fere alƙalami ya zauna ya kwafe ta da baƙar tawada, ya sa wasali ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a kai wa mai maɗaba'a, wanda zai ɗauki hoton rubutun ya buga shi kamar yadda hannu ya zana, ba ƙari ba ragi. To, me ya hana a jera haruffan ƙarfe irin na bugun Misira? Dalili shi ne wanda ya tashi a makarantar allo da rubutun Warash idonsa ya saba, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da Bahaushe ya ara don rubuta wasalin e. In ka miƙa masa rubutun gabas sai ya yi ta tuntuɓe kamar baƙo a lungu. Mai saye shi ya zaɓi hannu, maɗaba'a ta bi shi. Shi ya sa sunan marubuta irin su Sharif Bala na Gabari a Kano ya kai inda ƙafarsu ba ta taka ba.

Shafi goma sha shidan nan ma ba haka kawai ya zo ba. Babbar takarda guda ce aka naɗe sau uku aka yanke bakinta, don haka duk mai son buga irin wannan littafi tilas lissafinsa ya tafi huɗu-huɗu. In waƙa ta gaza cika shafi na ƙarshe, sai a cike da addu'a ko salati.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina, masu sauraro, yana baitocin ƙarshe. Mutumin da ya san waƙarsa za ta fita daga hannunsa, a kwafe ta, a sake kwafewa, bango ya yage, mabarata su haddace ta su kai garuruwan da bai taɓa zuwa ba, ya san kuma ba alƙalin da zai kai wa ƙara, sai ya saƙa sunansa da na mahaifinsa da garinsu a cikin waƙar kanta, a kan ma'auninta da ƙafiyarta, ta yadda mai son cire sunan sai ya karya baiti. Sa'an nan ya sa shekara da ramzi. Ramzi, ga wanda bai sani ba, shi ne a ba kowane harafi adadi, a harhaɗa kalma wadda jimillar haruffanta ita ce shekarar Hijira. A lissafin da malamanmu suka gada daga Magrib, shin dubu ne, ra ɗari biyu, fa tamanin. Ku haɗa: shin, ra, fa. Dubu da ɗari biyu da tamanin, wato 1280, wadda ta faɗo tsakanin 1863 da 1864 na Miladiyya. Ku lura, na ce lissafin Magrib, domin a wajen mutanen gabas shin ɗari uku ne, kuma na ga ɗalibin da ya ɗauko jadawalin gabas ya auna waƙar Sakkwato da shi, ya mayar da mai waƙar baya da ɗaruruwan shekaru, yana ta murna ya yi bincike.

Sayarwa kuwa, a kai wa masu littattafai na Kasuwar Kurmi su karɓa, ko yaro ya shimfiɗa tabarma ranar Juma'a bayan an sauko, ko a bi tashar mota. Riba? Ni dai ban yarda da masu cewa an yi arziki da ita ba; in kuɗin takarda ya dawo, an gode Allah, saura a nemi lada.

To, ga shi ana yi mini alama lokaci ya ƙure. Da na so in kawo ku ga marubutan boko na Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar Raina Kama, waɗanda suka bi wannan turba suka riƙa raba labari kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.