Katin Asibiti Ba Abin Aro Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, daga cikin garin Argungu har Gulma da Alwasa da ƙauyukan bakin fadama, kuma ta ishe ni. Ita ce aron katin asibiti. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe uwa ta leƙa ɗakin abokiyar zama ta ce, "Don Allah Yaya, ara mini katin Ɗan'auta in kai wannan a duba shi." A miƙo mata, kowa na ganin an yi zumunci. A wani gidan ma kati ɗaya ne ke yawo tsakanin yaran gida kaf. In ka yi magana a ce maka ai kati hanyar tatsar talaka ce kawai, magani kuwa magani ne ko da sunan wa aka rubuta shi.

Mai zama a ɗakin kati, da mai auna zafin jiki da nauyi da hawan jini kafin ka ga likita, ba 'yan cike gurbi ba ne. Karatu suka yi, da yawansu a kwalejin kiwon lafiya ta Jega, kuma kowane rukuni na da hukumar da ke yi masa rajista: ta masu adana bayanan marasa lafiya tun 1989, ta ma'aikatan lafiyar al'umma tun 1992. Cikin abubuwan farko da ake koya musu akwai tabbatar da cewa wanda ke gabansu shi ne wanda ke kan takarda. Ɗan katin da ke hannunka lamba ce kawai a jikinsa. Lambar ce ke kai ma'aikaci ga fayil ɗinka, inda tarihin jikinka yake.

To, bari mu duba wannan magana ta "magani magani ne". A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021, Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kusan kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Maganin da aka fi bayarwa, irin su Coartem, da nauyin jiki ake raba shi. Yaron da ke tsakanin kilo 5 da 14 ƙwaya ɗaya zai sha a kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa 24 biyu, babba huɗu, safe da yamma har kwana uku. Ranar da layi ya yi tsawo ko sikeli ya lalace, shekarun da ke cikin fayil ake kallo a ƙiyasta. Kin kai ɗan shekara bakwai da katin ɗan shekara biyu, an ba shi rabin abin da ya kamata, zazzaɓi ya lafa kwana kaɗan ya dawo, sai ki ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi. In kuma ƙaramin aka kai da katin babban, an ɗora wa jikinsa abin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai mutanen da jininsu ba ya shiri da Septrin ko Fansidar, in suka sha fata ta yi ta saluɓewa, baki da idanu su yi gyambo, wani har a rasa shi. Ma'aikacin kirki yana rubuta wannan ɓaro-ɓaro a fayil don kada a sake. Wanda ya zo da katin wani ya baro gargaɗinsa a gida. Haka mai sikila, haka mai ciwon suga. Mai juna biyu kuwa, awon hawan jininta na watan jiya shi ake kwatantawa da na yau. Idan ya kai 140 bisa 90 alhali da can ba haka yake ba, ma'aikaciya ta san jijjiga na iya biyowa baya, sai ta tura ta gaba tun da sauran lokaci. Da awon wata matar za a gane haka?

Shi ma mai ba da aron bai tsira ba. Cutar da ba tasa ba ta shiga tarihinsa. An gwada ɗan'uwanka an samu tarin fuka ko ciwon hanta, sakamakon na nan da sunanka, wata rana kai za a yi wa magani a kansa. Sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti rufe sirrin mara lafiya, kai kuma da hannunka ka miƙa wa wani hanyar buɗe naka. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin ya fi ba ni haushi a katin rigakafi. A Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, Kebbi da Bayelsa ne farko, kuma sau huɗu ake yi wa yaro. In an haɗa yara biyu a kati ɗaya, takarda za ta nuna an kammala, alhali kowannensu rabi ya samu.

Na san akwai talauci, akwai dogon layi, akwai fayil ɗin da ke ɓata a hannun ma'aikata. Amma gyaran da ke hannunmu shi ne kowane mutum a gida, har jaririn da aka haifa jiya, a buɗe masa nasa. Ko inda ake yin katin iyali, a tabbata kowa da takardarsa a ciki. A sa katin a leda a ajiye sama, musamman da damina ga masu zama kusa da ruwa. A ɗauki hotonsa a waya, ko a rubuta lambar a bangon littafi, domin in kati ya ɓace lambar ta isa a nemo fayil. A tsaya kan suna ɗaya. Mace ba za ta zama Hauwa'u yau, Kulu gobe, jibi Maman wane ba, kuma kunyar faɗin sunan miji ko na ɗan fari a bar ta a ƙofar asibiti, in ya gagara a ba wani ya faɗa. In ba a san ranar haihuwa ba, a faɗi gaskiya a ƙiyasta tare. In an tura ku Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na tarayya, ku riƙe takardar turawar da ragowar magungunan da aka sha. Idan kuma kin riga kin zo da katin aro, ki faɗa kafin a rubuta komai. Faɗan minti biyu za a yi miki.

Ku kuma ma'aikata, kiran suna ba tare da ɗaga kai ba ba aiki ba ne. A layi ɗaya za a samu A'isha uku. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tantance mara lafiya da alamomi biyu aƙalla. Ku tambayi suna da shekaru da unguwa, ku dubi yaron ku dubi abin da ke rubuce, ku ɗora shi kan sikeli. Wadda kuka gane da katin aro kada ku kunyata ta gaban jama'a, in kuka yi haka gobe kyamis za ta nufa. Ku ja ta gefe, ku buɗe wa yaron nasa.