Fitar Da Fayil Daga Tsohuwar Manhaja: Inda Cikas Yake Da Yadda Ake Gano Shi

A farkon shekarar 2014 mujallar Current Biology ta buga sakamakon wani bincike da wasu masana suka gudanar a ƙarƙashin jagorancin Timothy Vines na Jami'ar British Columbia da ke ƙasar Kanada. Masanan sun zaɓi maƙalu 516 na ilimin halittu waɗanda aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka aika wa marubutansu wasiƙa suna roƙon a ba su ainihin alƙaluman awon tsirrai da dabbobi da aka gina maƙalun a kansu. Abin da suka gano abin damuwa ne ƙwarai. A duk shekara guda da maƙala ta ƙara, damar samun alƙalumanta tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin ɗari. Daga cikin dalilan da masu tsofaffin maƙalu suka bayar har da cewa bayanan suna nan, amma suna kan faifan da babu sauran na'urar da za ta karanta shi.

Ko da an yi sa'a an kwafe abin da ke kan faifan, da sauran rina a kaba. Na'urorin ɗakin gwaji da yawa na shekarun 1990, irin su madubin duba ƙananan halittu mai ɗaukar hoto, suna adana sakamakonsu ne cikin wani tsari da manhajarsu kaɗai ta san shi. Ita kuwa manhajar an rubuta ta ne domin MS-DOS ko Windows 95, waɗanda kwamfutar yau ba ta ɗaukar su. Dabarar da ake yi ita ce a yi amfani da makwaikwayi, wato wata manhaja da ke ƙirƙirar kwamfutar bogi a cikin ta gaske, da faifanta da allonta da komai, har tsohuwar manhajar ta zauna ciki ta yi aiki kamar ba abin da ya sauya. Misalinsa kamar kifin tafki ne da aka saka a akwatin gilashi, aka daidaita masa ruwa da zafi da iska. Kwamfutar gaske ita ake kira mai masauki, ta bogin kuma baƙuwa. Ɗaya daga cikin sanannun makwaikwaya shi ne QEMU, wanda wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, kuma da shi za a yi misali a nan.

To, fayil ya buɗu a cikin baƙuwa, an ga alƙaluman a allo. Saura a fito da shi zuwa ga mai masauki ta hanyar sadarwa, kuma a nan ne yawancin masu wannan aiki ke tuntuɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa taɓa wannan a taɓa wancan a lokaci guda. Duk ɗalibin da ya taɓa gwajin tsirowar wake ya san cewa idan aka sauya ruwa da haske da ƙasa a rana ɗaya, ba za a san wanda ya jawo bambanci ba. Haka ma a nan. Abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, a rubuta sakamako, kuma daga tushe ake farawa a haura sama.

Katin sadarwa da adireshi

Tambayar farko ita ce: shin baƙuwa ta san ma tana da katin sadarwa? Idan ba a ce masa komai ba, QEMU yakan ba ta wani kati na kamfanin Intel da ake kira e1000, wanda bai zo duniya ba sai bayan fitowar Windows 95, saboda haka ba ta da direban da za ta sarrafa shi. Maganin wannan shi ne a umarci makwaikwayin ya ba ta katin zamaninta, kamar dangin NE2000 na kamfanin Novell. Har ila yau, Windows 95 ba ta girka ƙa'idar TCP/IP da kanta, wadda ita ce harshen intanet. Abin da take sakawa shi ne NetBEUI da IPX/SPX, sai mutum ya ƙara TCP/IP da hannunsa.

Bayan wannan sai a buga umarnin winipcfg domin ganin adireshin da baƙuwa ta samu. A tsarin da QEMU ya saba, adireshinta shi ne 10.0.2.15, tana kuma ganin mai masauki a 10.0.2.2. Idan aka ga sifili zalla, ko kuma a Windows 98 aka ga lambar da ta fara da 169.254, to ba ta sami adireshi ba, kuma ba amfanin wucewa gaba. Idan ta samu, sai a gwada umarnin ping zuwa 10.0.2.2, wanda tamkar sallama ce a ƙofar gida a saurari amsa. Amma a lura, a wannan tsari sau da yawa ping zuwa wata kwamfuta ta waje ba ya samun amsa ko da komai lafiya lau yake. Mutane da dama sun ɓata sa'o'i suna gyaran abin da bai lalace ba saboda rashin sanin haka.

Layi biyu na FTP

Hanyar da tsofaffin manhajoji suka fi sani ta aika fayil ita ce FTP. Abhay Bhushan na cibiyar MIT da ke Amurka ne ya fara rubuta ƙa'idarta a 1971, sannan Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da sigar da ake bi har yanzu a watan Oktoba na 1985. Alamar matsalarta sananniya ce. Baƙuwa takan haɗu da mai masauki, ta ba da suna da kalmar sirri, a amsa mata da lamba 230, ma'ana an karɓe ta. Da zarar ta nemi jerin fayiloli ko ta fara aikawa sai komai ya tsaya cik, daga baya saƙo mai lamba 425 ya fito, ko kuma a ƙi umarnin kai tsaye. Mai aiki sai ya ruɗe: ta yaya za a ce an gaisa amma kaya sun kasa wucewa?

Amsar tana cikin ƙirar FTP ɗin kanta. Layi biyu take amfani da su. Na farko na magana ne kawai, yana bi ta ƙofa mai lamba 21, kuma baƙuwa ce ke buɗe shi. Na biyu shi ne na kaya, ana buɗe shi sabo a duk lokacin da za a aika fayil. A tsarin asali, baƙuwa takan faɗa wa ɗaya ɓangaren adireshinta da lambar wata ƙofa, ta ce ya zo ya same ta a can. Wannan ya dace da zamanin da kowace kwamfuta ke da adireshin da kowa zai iya zuwa. Amma 10.0.2.15 adireshi ne na cikin gilashi, makwaikwayi kaɗai ya san inda yake. Kamar mutum ne ya je kasuwa ya yi ciniki, ya ce a kai masa kaya ɗaki na 15, bai faɗi gida ko unguwa ba. Shi ya iya fita ya sami ɗan kasuwa, amma ɗan dako ba zai taɓa gano shi ba.

Ƙa'idar 1985 ta tanadi wata hanya ta biyu, mai umarnin PASV, inda ake juya lamarin: mai karɓa ne zai buɗe ƙofa ya faɗi lambarta, baƙuwa ta sake fita ta same shi. Tun a 1994 Steven Bellovin ya ba da shawarar a mayar da wannan hanya ita ce ta yau da kullum, saboda katangun tsaro da suka fara yawaita. Sai dai kuma manhajar ftp da ke zuwa tare da Windows ba ta iya wannan hanya ba. Akan ga masu ba da shawarar a buga quote pasv, alhali wannan umarni mai karɓa kawai yake sanarwa, ita baƙuwa tana nan kan tsohuwar ɗabi'arta. Dole a saka mata wata manhajar da ta iya, kamar WS_FTP a Windows, ko mTCP na Michael Brutman a MS-DOS.

Akwai wani tarko kuma a gaba, wanda ya fi na baya ban dariya. Da yake makwaikwayi a cikin mai masauki yake zaune, mai masauki yakan ga kiran kamar daga jikinsa ya fito, don haka yakan amsa da cewa a same shi a 127.0.0.1. Wannan lamba kuwa a kowace kwamfuta ma'anarta "ni kaina". Baƙuwa sai ta karɓi adireshin da gaskiya, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta. Gyaran shi ne a shiga saitin manhajar da ke karɓar fayil a gaya mata ta riƙa sanar da 10.0.2.2.

Ɓarnar da ba ta nuna alama

Duk matsalolin da suka gabata suna da wani alheri guda, wato suna bayyana kansu. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda fayil zai wuce, a ga lamba 226 mai nuna an kammala, kowa ya tashi da murna, alhali abin da ya isa gurɓatacce ne.

Asalin ta shi ne yadda kwamfutoci suka saɓa wajen nuna ƙarshen layin rubutu. MS-DOS da Windows suna sa lambobi biyu a jere, 13 da 10, gadon da suka ci daga keken rubutu, inda ake mayar da kan keken farkon layi sannan a ɗaga takarda. Unix da Linux kuwa 10 kaɗai suke sawa. Domin sulhunta su, FTP tana farawa ne a yanayin rubutu, wato ASCII, inda ake gyara ƙarshen layi a kan hanya. Idan wasiƙa ce ake aikawa, wannan taimako ne. Idan kuwa hoto ne ko sakamakon awo, 13 da 10 na iya zama hasken ɗigo biyu na hoton, ko wani yanki na nauyin da aka auna. Mai karɓa bai san haka ba, duk inda ya gan su a jere sai ya jefar da 13.

Ɗaliban ilimin halittu sun san irin wannan ɓarna daga darasin gado. Cutar sikila ta samo asali ne daga sauyin harafi ɗaya tak a cikin DNA, inda GAG ya koma GTG, sai sinadarin da ke ɗaukar iska a jini ya sami tangarɗa. Wannan musanya ce kawai. Ɓacewar harafi takan fi haka muni, domin uku-uku ake karanta haruffan DNA. A duba wannan jimla mai kalmomi masu haruffa uku: YAU ALI ZAI BAR NAN. Idan aka cire harafin farko na kalma ta biyu, aka ci gaba da karantawa uku-uku, sai ta koma YAU LIZ AIB ARN AN. Harafi ɗaya ya fita, amma duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Haka fayil ɗin alƙaluma yake, domin manhaja tana karanta shi ne biyu-biyu ko huɗu-huɗu. Idan an yi sa'a fayil ɗin zai ƙi buɗuwa. Idan ba a yi ba zai buɗu, ya nuna lambobin da suka yi kama da na gaske, mai bincike ya gina hukunci a kansu.

Masu ƙirƙirar tsarin hoto na PNG a 1995 sun san wannan ciwo sarai, shi ya sa suka dasa 13, 10, 26, 10 a cikin lambobi takwas na farkon kowane hoto, ta yadda idan an taɓa su a hanya manhaja za ta gane nan take. Fayilolin na'urorin gwaji galibi ba su da irin wannan kariya. Rigakafin dai kalma ɗaya ce: a buga binary kafin a aika komai. Bayan an aika kuma a gwada girman fayil ɗin a ɓangarorin biyu, har zuwa lambar ƙarshe. Bambancin ko da ɗaya ne ya isa a sake aikin. Wanda ke son tabbaci fiye da haka sai ya yi amfani da lissafin MD5 na Ronald Rivest, wanda ke fitar wa kowane fayil wani tambari mai alamomi 32. Tambari biyun su zo daidai, ko kuwa a ɗauka an sami ɓarna.

Ƙofofin da aka rufe da gangan

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a bar FTP a bi ta hanyar raba jaka da Windows ta saba? Windows 95 da 98 sigar farko ta wannan ƙa'ida kaɗai suka sani, wato SMB1. Ta wani rauni da ke cikinta ne ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. A ƙarshen wannan shekara Microsoft ta daina kunna SMB1 a sababbin Windows 10, manhajar Samba ta Linux ma ta bi sahu a 2019. Ana iya sake kunna ta, amma yin haka a kwamfutar da ke haɗe da intanet ganganci ne. Ita ma FTP ba ta ɓoye kalmar sirri, kuma manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox sun yi watsi da ita a 2021. Saboda haka wannan aiki tsakanin baƙuwa da mai masauki kaɗai ya kamata ya tsaya, da kalmar sirrin da ba a amfani da ita a wani wuri.

Sunan fayil ma yakan kawo nasa cikas. MS-DOS ba ta ɗaukar sunan da ya wuce haruffa takwas da ƙarin uku, kuma jadawalin haruffan da waɗannan manhajoji suka zo da shi ba ya ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Gara a ba fayil gajeren suna marar lanƙwasa, a mayar masa da cikakken sunansa bayan ya iso.

Idan duk an bi waɗannan matakai abin ya faskara, akwai hanyar da ba ta buƙatar sadarwa ko kaɗan. Faifan baƙuwa, a wurin mai masauki, wani babban fayil ne kawai, kuma akwai manhajojin da ke buɗe shi a ɗebo abin da ake so. Sharaɗin shi ne a kashe baƙuwa tukuna yadda ya kamata, domin faifan da ɓangarori biyu suke rubutu a kansa lokaci guda yakan hargitse, kuma a kan kwafinsa ake wannan aiki, a ajiye na asali a gefe.